Rafin da Aka Rufe da Kwalta

Ƙarfe biyar na asuba jirgin ƙasa ke haɗiye ni,
ya amayar da ni a tsakiyar Sao Paulo
da bokiti, da soso, da igiya a ƙugu.
Sunana Valdenir. Tagogi nake wankewa,
hawa na talatin da ɗaya, wani bi sama da haka.

Kullum gajimare kan zo ya kwanta cikin gilashi,
in sa sabulu in goge shi,
ya dawo.
Shekara goma sha huɗu ina wanke hoton sama,
ita kanta saman ba na ɗaga kai in dube ta
sai in ina tsoron hadari zai ɓata mini aiki.

Ta bayan gilashin akwai wata mata
da tukunyar fure a kan teburinta.
Na roba ne. Na sani,
don bai taɓa zubar da ganye ba.
Ran Litinin takan share masa ƙura da hankici.
Ban yi mata dariya ba:
ni ma a wayata akwai kukan kwaɗi na minti arba'in,
shi nake kunnawa in barci ya ƙi.

Can arewa, a bakin kogin Parnaiba,
innata Zulmira ba ta da agogo.
In tururuwa ta fara kwashe ƙwai zuwa tudu
sai ta ce a shigo da shanya.
In kogi ya yi jajawur
ta san an sha ruwa a garin da ba ta taɓa zuwa ba.
Tafin ƙafata a lokacin ya san ƙaya, ya san laka,
ya san zafin dutse da rana tsaka.
Yanzu safa ya sani.

Shekaranjiya Anacleto, tsoho mai gyaran takalma,
ya riƙo hannuna a bakin titi.
"Tsaya nan. Yi shiru."
Muka durƙusa kan murfin ƙarfe na magudana,
motoci na zaginmu da ham.
Ya ce, "Ka ji? Wannan ba ruwan wanke-wanke ba ne.
Rafi ne. Tun ban zo duniya ba aka binne shi,
amma bai fasa tafiya ba."
Na kara kunne.
Yana nan kuwa,
yana magana ƙasa-ƙasa cikin duhu,
kamar innata in tana tsintar wake ita kaɗai.

Na miƙe, gwiwa da datti, ido da ruwa.
Na ce hayaƙin bas ne.

'Yata Jaciara, mai shekara bakwai,
ta tambaye ni ko taurari ma sau ɗaya suke fitowa a shekara,
kamar wasan wuta.
Bakina ya mutu.
Na yi mata alkawarin Disamba,
kamar bara, kamar bara waccan.
Tafiyar kwana biyu ce a mota,
kuɗin haya kuwa ba ya zuwa hutu.

Amma bari in faɗa muku wani abu,
kada ya wuce nan.
A hawa na talatin da ɗaya, ɓangaren gabas,
inda siminti ya ɗan tsage,
wani tsuntsu ya yi kashi ya tafi abinsa.
Yanzu ganye uku ne, na huɗu na leƙowa.
Ɓaure ne, in idona bai manta ba.
Shugaban aiki ya ce in tuge shi,
wai saiwa na fasa gini.
Na ce to.
Mako uku ke nan ina cewa to.

In na iso wurin nakan tsayar da igiya,
in cire safar hannu,
in ɗiga masa ruwa daga gorar shana,
in murza ganye ɗaya a hankali tsakanin yatsu
in shinshina.
Birni na ruri a ƙarƙashin takalmana,
ni kuwa ina rataye,
da ɗan kore a babban yatsa.